Laftof ɗin Rejoice

Filibus mai gyaran kwamfuta ne a Samaru, shagonsa na kallon ƙofar jami'a. Duk na'urar da aka kawo masa, sai ya kwashe takardu da hotuna gefe, ya goge komai, sannan ya ɗora sabon Windows. Ya fi yarda da wannan hanya.

Da budurwarsa Rejoice ta kawo laftof ɗinta tana son Windows 11, haka ya ce zai yi mata. Ita kuwa tana ajin ƙarshe a sashen aikin gona, kuma akwai wata manhajar lissafi da malaminta ya sa mata kafin ya tafi ƙarin karatu waje. In aka goge, ba ta san inda za ta sake samu ba.

"Ba yadda za a yi a bar min ita?" in ji ta.

"A ɗora sabo a kan tsoho? Ana yi, amma ni ba na yi. Duk dattin da ke ciki zai biyo ki."

Ta zuge jakarta ta tafi.

Ranar Lahadi bayan sujada ya same ta a harabar coci, tana nuna wa 'yan ƙungiyar mawaƙa laftof ɗin. Ga Windows 11, ga manhajar tana aiki, ko takarda ɗaya ba ta ɓata ba.

"Wa ya yi miki?"

"Nonso, mai shagon gyara a unguwar PZ. Ina zaune ya gama."

Filibus ya ɓata fuska. Tare suka koyi aiki da Nonso a wajen oga ɗaya a Sabon Gari, kuma tun lokacin Nonso ne mai sa kwastoma dariya. Yanzu shagonsa har da ƙofar gilashi.

Washegari ya hau keke-napep zuwa PZ, wai zai sayi caja. Nonso ya tashi ya rungume shi.

"Fili! Ai madam ɗinka ta zo. Kai, yarinyar nan akwai kai! Ta yi min bayanin tsutsar da ke cin masara, har na ji kamar in koma gona."

Filibus ya yi yaƙe. Shi bai taɓa tambayarta a kan me take bincike ba. Ya fito ko cajar bai saya ba.

Da damina ta yi nisa, Rejoice ta shigo shagonsa a jiƙe, ta ce laftof ɗin ya yi nauyi, da ƙyar yake buɗewa. Daɗi ya kama Filibus, har sai da ya sunkuyar da kai don kada ta gani. Yana dubawa ya gane matsalar: ragowar tsohon Windows da hotunan gonar gwajinta ne suka cika wuri. Aikin Nonso ba shi da aibi ko kaɗan.

Amma sai ya girgiza kai. "Na faɗa miki. Aikin gaggawa ne aka yi miki. Sai an goge komai."

Ta dube shi, ta miƙa hannu za ta rufe laftof ɗin. "To, bari in mayar masa. Tunda shi ya ɓata, shi zai gyara."

"Tsaya!" Ya dafe na'urar da sauri. "Bari in sake dubawa."

Ya share ragowar tsohon Windows, ya kwashe hotunan zuwa filashi. Laftof ɗin ya dawo garau. Rejoice ta naɗe hannu tana kallonsa.

"Ashe ba sai an goge ba?"

"Wannan karon dai," in ji shi, ba tare da ya ɗago ba.

Ta yi dariya, ta ja kujera kusa da shi, suka jira ruwa ya tsagaita. Da za ta tafi, ta ce ranar da za ta kare bincikenta a gaban malamai akwai 'yar walima a gidan yayarta, kuma ta gayyaci Nonso.

Filibus ya ce ba laifi. Ya raka ta bakin titi, ya dawo ya tarar da wani ɗalibi na jiransa da kwamfuta. Ko bayaninsa bai tsaya ji ba, ya ce masa gogewa za a yi.