Zaren da Ya Koma Fari

Nicanor mai kwalekwale ne ya kashe dodannin koɗin, kada a ɗora wa teku laifi.

Shekara arba'in Melitón yana rina wa matarsa Eufrosina zare a duwatsun nan na bakin teku. Idan teku ta janye, sai ya ɗago dodon koɗi da tsinke, ya hura masa iska, dodon ya tofo farin ruwa a kan auduga, rana ta mayar da shi shunayya. Sannan ya mayar da dodon tsagin da ya same shi, ya yayyafa masa ruwa har ya kama dutse. Ba a sake taɓa shi sai wata ya zagayo.

Melitón ya rasu bara, ya bar ta da zanen da za a binne ta da shi a kan masaƙa, saura layi ɗaya na shunayya. Ta hau mota wuni guda zuwa bakin tekun, ita kaɗai da damin zarenta.

Ta tarar da Nicanor ya sauke baƙi 'yan yawon buɗe ido goma a kan duwatsun. Da wuƙa yake ɓamɓaro dodannin koɗin, ya goga a farar rigar baƙo ta yi shunayya, a yi shewa, ya jefa a zurfi.

"Kai ɗan nan! Wanda ka jefa can ba zai iya hawowa ba, kifi zai cinye shi."

"Haba Iya, teku ce fa gidansa. Ko haya yake biyanki?"

"Gidanka ma a ƙasa yake, in jefo ka daga kan rufi?"

Baƙin suka yi dariya, wata ta ɗauke ta hoto ba ta tambaya ba. Injin kwalekwalen ya tashi, suka tafi.

Ta bi kududdufan ɗaya bayan ɗaya, gwiwa na ƙara. Inda Melitón kan samu ɗari, bakwai ta samu a kife cikin ruwa, an riga an tatse su. Da ta matsa musu, da wataƙila sun ba ta ɗigo biyu su mutu. Ta daɗe riƙe da na farkon a tafin hannu. Sai ta manna shi a inuwa, ta yayyafa masa ruwa. Haka har bakwai. Ba wanda ya gani sai ƙaguwa.

Da safe ta shiga rumfar shugaban masunta, ta dire damin a kan teburinsa.

"Ranka ya daɗe, dubi. Fari na kawo shi, fari zai koma. Shekarata saba'in da takwas, ban san ko zan ga sun sake yawa ba. Ban iya rubuta ƙara ba, amma na iya zama. A kira min Nicanor, ya tsaya nan ya faɗa da bakinsa: da me za a binne ni?"