Idon Masu Banda

Malam Modibbo ya raba mana maƙaloli a aji, ya ce kowa ya rubuto sharhi. "Ku fara da taƙaita abin da marubuci ya faɗa. Sannan ku duba su wa ya tambaya, ta wace hanya, kuma ko hujjarsa ta kai ga hukuncin da ya yanke. Inda ya yi daidai ku yaba, inda ya yi rauni ku nuna. Ban da son rai."

Tawa a kan hayaƙin bandar kifi ce. Marubuciyar ta ce matan da ke zaman banda idanunsu na dushewa, wasu har su makance. Innata banda take yi a Warra tun kafin a haife ni, kuma bana ta fara laluben butarta alhali tana gabanta.

Na shiga maƙalar nan kamar mai tsintar ƙaya a kifi. Wa ke ta makin Malam? So nake in kama matar nan da ƙarya. Na duba matan da ta tambaya, ga su nan da yawa. Na ce ko jita-jita ta tattaro, ashe likita ne ya gwada idanun. Duk shafin da na juya sai tsoro ya ƙara kama ni, har abinci ya daina shiga.

Can na damƙe ta: ba ta faɗi shekarun matan ba! To, tsufa ma ai yana cin ido. In tsufa ne da sauƙi, tabarau zai gyara. Da na nuna wa Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan rauni ne na gaske, Hamdiyya."

Ranar Juma'a na hau mota daga Yelwa, inda nake karatu, zuwa gida Warra da murnata. Na tarar Inna na hutawa a inuwa. Ƙanwata Yasira ce a gindin banda, ita da ta karɓi aikin tun da na tafi makaranta. Ko shekara ashirin ba ta cika ba.

Kafin in yi sallama ta ɗago. Tsakaninmu bai wuce tsawon tabarma biyu ba. Ta goge ido da bakin zane, ta ƙanƙance su, ta daɗe tana kallona.

"Inna," in ji ta, "ga wata baƙuwa nan tsaye bakin ƙohwa."