Labulen Tagogin Baya

Ranar da Shaukat ya samu aikin labulayen sabon otel, har a bakin titi ya raba wa maƙwabta alewa. Otel ne mai hawa shida, ya miƙe a gefen tsohuwar unguwarsu a birnin Multan na ƙasar Pakistan, gabansa na kallon babban titi, bayansa na kallon saman sorayen mutane. Tun ana haƙa harsashi unguwa ta yi ca. Saman soro na mata ne. Can suke shanya, can suke taje kai, can suke shan iska idan zafi ya mai da ɗakunan ƙasa tanda. Sai da mai otel ɗin, wani Malik mai gonakin auduga, ya zo masallaci da ƙafarsa, ya dafa ƙirji ya ce tagogin baya a rufe da labule za su zauna, sannan aka bar magina suka ci gaba. Da aka ji ɗan unguwa ne zai ɗinka labulayen, hankalin kowa ya kwanta.

Ranar awo, manajan otel ɗin, wani matashi mai suna Tanwir, shi ya zaga da shi. Ɗakunan gaba ba su da gardama: karammiski ruwan zuma, da shafi mai kauri da zai tare rana, tattara uku-uku a sama, a sa darma cikin kalmasa don labule ya tsaya cak ko fanka na kaɗawa. Aikin da Shaukat ya tsufa a cikinsa ke nan. Suka hau hawa na biyar, suka shiga wani ɗaki na baya.

"Nan babu wahala, Ustad," in ji Tanwir, yadda ake kiran gwanin sana'a a can. Ya zaro wani ƙyallen farin yadi shara-shara ya miƙa masa. "Wannan za ka kafe sama da ƙasa, kada ya buɗu. Mai kaurin kuma ya tsaya a gefe, baƙo ya ja in barci zai yi."

"Shafi fa?"

"Babu shafi."

Shaukat ya shimfiɗa ƙyallen a jikin gilashi, ya duba. Unguwa gaba ɗaya ta fito tar, kamar an zuba ta a faranti. Ya ga tankin ruwan gidansa mai shuɗin fenti. Ya ga gadon igiya. A kan gadon mahaifiyarsa ce kwance rub da ciki, an yaye mata riga har kafaɗa, matarsa Nargis na durƙushe tana murza mata mai a baya, kanta ba mayafi, gashinta a kwance. Har zanen furannin rigarta yana iya gani.

Ya janye ƙyallen kamar ya ƙone shi.

"Manaja Sahib, wannan ai ba labule ba ne. Daga waje ne kawai yake labule."

"To ai daga waje suke kallo," in ji Tanwir yana murmushi. "Su ga fari fat, hankalinsu ya kwanta. Baƙi kuma abin da ya kawo su ke nan, tsohon gari. Ɗakunan nan sun fi na gaba tsada."

"Wancan soron gidana ne."

Tanwir ya leƙa, ya ɗan yi tari, ya juya baya ga tagar. "Ayya. To ka ce musu su riƙa rufe kai mana."

"A cikin gidansu?"

"Ustad, ni ba fatawa na kira ka ba. Za ka ɗinka ko in kira wani tela, mutumin Lahore? Shi gobe-gobe zai turo yaransa."

Shaukat ya naɗe tef ɗinsa. Ya cusa shi a aljihu.

"Kira shi," ya ce. "Ka gaishe shi."

Ya iske Nargis a ƙasa tana murza garin gurasa. Ita ce mai tattarar shagonsa tun aurensu, kuma ba ya aikin otel sai hannunta ya bi ta kan kowane labule. Ya jefa mata ƙyallen, ya gaya mata komai, har zanen rigar. Ta share hannu, ta ɗaga yadin ta dubi tsakar gida ta cikinsa. Fuskarta ta yi ja. Ta zagi Malik, ta zagi manaja, ta zagi wanda ya saƙa yadin. Amma da Shaukat ya ce gobe Juma'a zai faɗa a masallaci, sai ta tsaya cak.

"Kada ka soma, Baban Sadiya."

"Kada in soma? Ƙatti na ƙare miki kallo, in yi shiru?"

"Wa za ka gaya wa? Haji Barkat? Wanda ɗansa ke gadin ƙofar otel ɗin? Ka taɓa ganin mazan unguwar nan sun ɗaga wa mai mota murya? Mu suka iya."

"An yi mana alkawari a ɗakin Allah."

"Ka bar mu da matan unguwa mu san abin yi. In maza suka ji, mu za a hukunta."

Tsohuwa, mahaifiyarsa, ta yi magana daga kan tabarma, ba ta ko buɗe ido ba. "Wanda ya biya kuɗi don ya ga bayana, ai shi aka cuta."

"Ammi, ba abin dariya ba ne."

"Na ga ka yi dariya ne, uban 'yan zuciya?"

Bai saurare su ba. Ya ɗauka tsoro ne irin na mata. Kafin azahar ta Juma'a yaran mutumin Lahore har sun kafe fararen labulaye a hawa biyu, mutane na tahowa masallaci suna ɗaga kai suna cewa Malik ɗan halak ne, ya cika alkawari. Wannan ya ƙarasa tunzura shi. Ana sallamewa ya miƙe, ya bi sahu yana kara wa kowa ƙyallen a fuska.

"Duba! Kana ganina ko ba ka ganina? To haka ake ganin matarka!"

Masallaci ya kaure. Wani ya ce a je a farfasa gilasan, wani ya ce a kai ƙara. Mai nama ya rantse yau sai ya ga hanjin manajan. Shaukat ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Haji Barkat, shugaban dattawan unguwa, ya bari sai da kowa ya gaji, sannan ya shafa gemunsa mai jan lalle.

"'Yan'uwa, a bi a hankali. Malik Sahib babban mutum ne, shi ya shimfiɗa mana wannan darduma da kuke tsaye a kai. Ya ce zai sa labule, ya sa. Irin labulen kuma ba mu yi magana a kai ba."

"Haji Sahib, wannan ai zamba ce!" in ji Shaukat.

"Zauna, ɗana. Mutum gidansa yake iko da shi, ba gidan wani ba. In iyalinmu na ƙasa, me za a gani a sama?"

Shaukat ya waiwaya yana neman mai nama, ya hango shi yana laluben takalmi. Nan take aka tsayar da magana: daga yau mace ba ta hawa soro, sai gidan da aka kewaye samansa da abin da ido ba ya ratsawa. Babu wanda ya ƙara ambatar zuwa otel.

Da la'asar zafi ya kai inda kwalta ke narkewa. Sorayen unguwa fayau, sai shanyar da aka manta. Ta kowace katanga ana jin muryar mata da kukan jarirai daga ɗakunan ƙasa. Nargis na zaune a shago gaban keken ɗinkinta, ta juya wa Shaukat baya tun da ya dawo. Gumi na ɗiga daga haɓarta. A ciki tsohuwa na fifita da murfin kwali tana nishi.

Sai ga Haji Barkat, da mutum huɗu a bayansa, kowa riƙe da igiyar da ya auna soronsa.

"Ustad, Allah ya rufe maka ƙofa ya buɗe maka goma," in ji shi da fara'a. "Duk unguwa labule take so. Mai kauri, baƙi in da hali, ya fi tsayin mutum, ta ɓangaren otel."

"Ta can iska ke zuwa," in ji Nargis, idonta a kan allura.

Haji ya yi kamar bango ne ya yi magana. "Na gidana za ka fara yi. A sa darma sosai, kada iska ta ɗaga."

Nargis ta zare zaren daga keken, ta kifa masa murfi. Ta shiga ciki ta ɗauki kwalbar mai, ta kamo hannun surukarta, suka nufi matakala. Tsohuwa na hawa tana hutawa, tana hawa tana hutawa. Kowa a shagon yana jin takunsu. Aka ji sakatar ƙofar soro ta yi ƙara.

Haji Barkat ya zaro ido. "Shaukat, iyalinka sun hau sama."

"Na ji."

"To kira su mana!"

Shaukat ya dubi igiyoyin awon da ke hannunsu, ya dubi bandir-bandir na yadi mai kauri da ya sayo don otel, jingine a bango. Da su zai iya rufe unguwar gaba ɗaya kafin wata ya mutu.

"Ba zan kira su ba," ya ce. "Wannan kuma ba na ɗinka shi."

"Ka ƙi na Malik, ka ƙi namu. Me za ka ci?"

"Mutumin Lahore na nan hawa na uku, Haji Sahib. Ɗanka zai buɗe maka ƙofa."

Ya tashi ya kama ƙyauren shagon, ya tsaya yana jira su fita.