Kaifin Hoton Mama

Mai Hoto yana da wata ɗabi'a da abokan sana'arsa ke yi masa tsiya a kanta: kullum saitin kaifin hoto a kyamararsa a ƙasa yake, na laushin fata kuwa a sama. Ko tsohuwa ce ta shiga shagonsa, sai ta fito a hoto sumul kamar budurwa. Da wannan saitin yake ɗaukar mahaifiyarsa duk ƙarshen mako, ya tura wa yayarsa da ke aiki a nesa don hankalinta ya kwanta. Ya kuwa kwanta, har ta yi ta ɗage zuwa gida daga bana zuwa baɗi.

Ranar nan tela ya kawo riguna a ɗaukar masa, ya ce so yake kowane zare ya fito. Mai Hoto ya kai kaifi ƙarshe, ya kashe laushi, ya gama aiki, ya manta bai mayar ba. Da yamma ya biya gida a gurguje, ya tarar da Mama a bakin taga.

"Mama, ɗan murmusa."

Ya ɗauka, ya tura ko dubawa bai yi ba, ya koma shago. Bai kai ga zama ba waya ta yi ƙara.

"Me ya sami Mama?" in ji Yaya. "Wace cuta kake ɓoye min?"

"Cuta kuma? Lafiyarta ƙalau."

"Buɗe hoton ka gani!"

Ya buɗe, ya ƙura wa hoton ido. Kumatu sun zurma, idanu sun faɗa, ƙasusuwan wuya sun fito zaƙo-zaƙo. Can ya tuna da tela, ya saki dariya.

"Kai, Yaya, kin tsorata ni! Saiti ne na manta. Yanzu zan sake miki wani."

Ya koma gida, ya tsaya a ƙofar ɗaki yana gyara saitin. Kafin ya kai kyamara fuska, sai ya ɗaga kai ya dubi Mama da idonsa. Ga kumatun, ga wuyan, ga zobenta da aka naɗa wa zare don kada ya zame. Ya rasa yaushe rabon da ya kalle ta ba ta cikin gilashin kyamara ba.

"Yau kuma kallon mene ne haka?" in ji Mama. "Ɗauka mana, wuyana ya gaji."

Ya ajiye kyamarar a kan gado, ya kira yayarsa a waya.

"Yaya, ba saiti ba ne. Ki taho."