Hanyar Birmingham a Faifai Biyu

Gidaɗo na durƙushe a bakin ƙofar motarsa yana cusa kwalin faifan CD ƙarƙashin kujerar gaba lokacin da wayarsa ta yi ƙara. Sa'adiya ce, matarsa, daga Birmingham, inda ta tafi da yara tun tsakiyar mako don taya matar yayanta aikin suna.

"Abban Nuru, ka ɗauki satnav ɗin kuwa?"

"Yana but, a bayan mota."

"Daga but ɗin zai riƙa gaya maka hanya? To kiɗan naka fa?"

"Haba, Maman Nuru. A gaban Baba?"

Ta ce a hankali, "To Allah ya kawo ku lafiya. Amma ka sani liman ba zai jira ba, yana da wani sunan a Small Heath. Kuma Baba ne zai faɗi sunan da bakinsa, tunda shi za a yi wa takwara."

Gidaɗo ya san da haka, ya kuma san abin da ya fi haka nauyi. Tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council, wato ƙaramar hukuma, ta rage ma'aikata, shi kuwa akanta ne a ofishin da aka fara sharewa. Surukinsa, Alhaji Ashafa, ya zo daga Kano ya tarar da shi a gida da rana tsaka yana goge takalman yara. Bai ce komai ba sai jiya bayan cin abinci, inda ya ce yana tunanin Sa'adiya da yara su koma gidan yayanta Dokta Salihu a Sparkbrook ta Birmingham, kafin al'amura su daidaita. Can cikin hira kuma Alhaji ya koka da Salihu, wai likita guda amma ba ya iya zuwa masallaci sai wata mata ta cikin akwati ta ce masa ya yi dama ko hagu. A nan ne Gidaɗo, wanda ya daɗe bai fi kowa komai ba, ya ji bakinsa na cewa, "Ai ni, Baba, hanyar Birmingham a kaina take."

Ba a kansa take ba, a faifai take. Gidaɗo mutum ne da Allah ya ba lissafi ya hana shi sanin hanya. Ya taɓa fita sayen burodi a Stockport Road, ya dawo a tasi daga Longsight, saboda gidajen Levenshulme, unguwarsu a Manchester, duk fuskarsu ɗaya. Ranar da ya sayi wannan tsohuwar mota a hannun Tomas, wani bakanike ɗan Poland, ya tarar da kwali mai faifai biyu a ciki, zaɓaɓɓun waƙoƙin wata ƙungiyar kiɗan rock da ake kira The Salford Kettles. Wasu gardawa ne huɗu a jikin kwalin, da gashi har kafaɗa, suna harara kamar an ci musu tuwo. Ya saka ne don kada barci ya ɗauke shi, sai a hankali ya lura da wani abu. Tunda kullum bayan asuba yake tashi ranar Asabar, kuma gudunsa ɗaya don tattalin mai, kowace waƙa tana da inda take riskarsa. Idan waƙa mai ƙararrawa ta ƙare, ya koma layin hagu. Idan mawaƙin ya fara kuka yana kiran wata Clara, to babbar hanyar M6 ta zo. Da haka ya yi shekaru yana kai iyalinsa Birmingham bai taɓa ɓata ba.

Yau kuwa ba halin kunna jita a gaban suruki. Dabarar da ya yanke ita ce ya rera faifan biyu a zuciyarsa, daga farko har ƙarshe.

Alhaji ya fito cikin babbar riga da ƙatuwar kwat a samanta, ya yi bismillah ya zauna. Gidaɗo ya tada mota, ya kuma tada waƙar farko a ransa.

Faifai na ɗaya bai ba shi wahala ba, kuma a nan alherin tarin yake. Waƙoƙin ƙuruciyar Kettles ne, lokacin suna kwana da yunwa, kowace da nata kamannin. Ko Tomas, wanda ya ce an cuci jama'a da aka bar wata waƙarsu ta jirgin ruwa a waje, ya yarda cewa faifai na ɗaya babu na yarwa. Gidaɗo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi, yatsunsa na taɓa sitiyari. Aka wuce filin jirgi a daidai inda ya kamata.

"Malam Gidaɗo," in ji Alhaji, "maganar aikin nan, an samu wani labari?"

"Ana ta nema, Baba. Na yi interview biyu." Ya riƙe baitin da yake kai da ƙarfi, kamar mai riƙe da kwano a cikin cunkoso.

"Suka ce me?"

"Suka ce na fi ƙarfin aikin."

"Kai kuma ka ce musu me?"

"Na ce su gwada ni, zan rage ƙarfin."

Alhaji ya dube shi ta gefen ido. Ya dubi leɓɓan da suka koma motsi, ya dubi yatsun, sai ya gyara zama ya ciro casbinsa, bai sake magana ba. Gidaɗo ya ɗauka fushi ne. Abin ya dame shi ƙwarai, amma Clara ta riga ta iso, kuma waƙar Clara ba a yi mata rabin zuciya. A wurin da mawaƙin ke roƙonta kada ta tafi da yaran, Gidaɗo ya ji idonsa ya ciko. Shekara da shekaru yana jin waƙar nan, bai taɓa lura da maganar yaran ba sai yau.

Kusa da Stafford faifai na ɗaya ya ƙare a kansa daidai da tashar hutu, inda ya saba tsayawa ya canza. Yau bai tsaya ba, sai dai ya ɗan rage gudu don ya biya bashin tsayuwar. Sannan ya shiga faifai na biyu.

Duk wanda ya san Kettles ya san faifai na biyu abin kunya ne. A lokacin sun yi kuɗi, sun yi tumbi, mawaƙin ya yi fushi ya tafi, suka ɗauko ɗan kawun makaɗin ganga suka ba shi makirufo. Waƙoƙin duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Da kunne ana iya bambanta su da ƙyar, amma a zuciya sai su haɗe kamar taliyar da ta kwana. Gidaɗo ya fara ta biyu, ya tsinci kansa a amshin ta huɗu, ya dawo baya, ya sake faɗawa ta huɗun. Daga nan ya iso babbar masifar tarin, wadda aka ɗauka a filin wasa, inda makaɗin ganga ke dukan kayansa shi kaɗai jama'a na tafi. Wannan ba ta da baiti, ba ta da amshi, kuma ba wanda ya san tsawonta sai wanda ya buga. Tomas ya sha cewa an saka ta ne kawai don a cika faifai.

Gidaɗo ya yi ta dukan sitiyari da yatsu yana lissafin tafi. Wata ƙatuwar tirela ta rufe masa allon hanya. Da tafin ya ƙare a kansa, ya koma hagu kamar yadda ya saba, hanya ta rabu, ya bi.

Sai da aka yi tafiya sannan ya ga allo yana maganar Bristol, ba Birmingham ba.

Ya fita a mafita ta farko, ya yi ta bin duk motar da ta yi kama da ta san inda za ta, har ya tsinci kansa a wani titi mai shagunan gwal da na doya, ga masu rawani irin na Indiya suna buɗe ƙofofi. Allon wani shago ya ce Handsworth. Babu waƙar Handsworth a faifai ko ɗaya.

Waya ta yi ƙara, Alhaji ya ɗauka. Muryar Sa'adiya ta cika motar.

"Baba, kuna ina? Liman ya sha shayi har kofi biyu, ya fara duba agogo. Yaya Salihu ya ce ko ya turo muku postcode ɗin gidan ku sa a satnav?"

"Ki ce wa Salihu ya riƙe abinsa," in ji Alhaji. "Muna tafe."

Gidaɗo ya faka a bayan wata bas. Satnav na but, amma tsakaninsa da but akwai maganar da ya yi jiya. Ya buɗe baki zai ce wani abu, ko shi bai san me ba, sai Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka katse abin da kake yi. Zauna."

Dattijon ya fita, babbar riga na jan ƙasa, ya nufi wata tsohuwa baƙar fata da ke jiran bas da hular zuwa coci. Gidaɗo na kallo ta gilashi, Alhaji na magana da Turancin tsofaffin ma'aikata, tsohuwar na nuni da lema. Ya dawo ya rufe ƙofa.

"Sunanta Scholastica, mutuniyar kirki. Ta ce mu bi wannan bas ɗin har tsakiyar gari, a can mu bi wadda aka rubuta Stratford Road a goshinta."

Haka aka yi. Bas ta tashi, suka tashi. Bas ta tsaya ɗaukar fasinja, suka tsaya a bayanta kamar masu jiran gado, motocin baya na ta oda. Scholastica na zaune a kujerar ƙarshe tana ɗaga musu lema duk inda za a yi kwana. Alhaji yana ɗaga mata casbi. A tsakiyar gari suka canza bas, kuma da suka hau Stratford Road, Gidaɗo ya ga shagon mai sayar da katifu ya gane inda yake. Wurin waƙar ƙarshe ne, sabuwar da aka liƙa wa tarin don a sa mutane su saya. Bai taɓa sonta ba, amma yau ya ji ta kamar ruwan sanyi.

Sun tarar da liman a ƙofa, ƙafa ɗaya a cikin takalmi. Ya cire, aka koma falo, Alhaji ya faɗi suna, aka yi addu'a aka shafa, aka raba dabino da goro. Jariri ya ci sunan Ashafa.

Ana cikin cin waina Dokta Salihu ya ce, yana murmushi, "To Malam Gidaɗo, what happened? Na ji an ce hanyar a kanka take."

Sa'adiya ta tsaya a ƙofar kicin da tire a hannu. Gidaɗo ya kafa wa wainarsa ido.

"Ni na tsayar da mu gaisawa da mutane a Handsworth," in ji Alhaji, yana ɓare goro. "Kuma bari in gaya muku. Tun daga Manchester har nan bakin yaron nan bai huta ba. Yatsunsa ma ba su huta ba. A wani wurin har hawaye na gani. Abin da yake karantawa kuwa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne."

"Masha Allah," in ji liman. Mutane suka amsa, wani ma ya miƙo wa Gidaɗo hannu ya ce a sa shi a addu'a. Sa'adiya ta juya kicin da sauri, aka ji tana danne dariya har tari ya sarƙe ta.

Bayan azahar Alhaji ya ce ya manta hularsa ta sanyi a mota, Gidaɗo ya raka shi. Dattijon ya buɗe ƙofa, ya sunkuya, bai ɗauko hula ba. Kwalin faifan ya ɗauko, ya riƙe shi nesa da ido yana duban gardawan huɗu.

"Wannan abin tun daga Levenshulme yake bugun diddigena."

"Baba..."

"Ka ɗauka a zuci kake yi? Tun daga wajen filin jirgi kake yi a fili. Wace ce Clara?"

"Ba kowa ba ce, Baba. Ta cikin waƙa ce."

"To madalla." Alhaji ya juya kwalin. "Na farkon dai da ɗan ma'ana. Amma daga inda ka rage gudu, duk abu ɗaya kake ta maimaitawa. Wanda ya haɗa wannan bai ji tsoron Allah ba."

"Mawaƙin ne ya tafi, Baba. Suka ɗauko ɗan kawun makaɗin."

"Ai kuwa an ji." Ya miƙa masa kwalin. "Dama haka kake kawo su, duk shekarun nan?"

"Haka ne, Baba."

Alhaji ya bi wata bas da ke wucewa da kallo.

"Mutumin da zai haddace shirme har faifai biyu don kada ya ɓatar da iyalinsa a hanya, ba na karɓe masa su. Gobe ka kwashi matarka da 'ya'yanka mu koma gida." Ya gyara kwat ɗinsa ya nufi ƙofa, sannan ya waiwayo. "Amma ka saka shi a rediyo. Muryarka ba ta da daɗi."