Baltus Ya Dawo Daga Hague

Baltus Verhoeven ya turo ƙofar maɗaba'arsa da ke garin Gouda, ya jefa hularsa kan tebur. Rigarsa duk ta jiƙe a kwalekwalen da ya dawo a ciki, irin wanda doki ke ja daga bakin ruwa. Matarsa Neeltje na shanya takardun da aka buga a kan igiya.

"Maigida, yaya Hague?"

"Sun ƙi ba ni," in ji shi. "Wai yanzu littafin makaranta ba a keɓe wa mutum ɗaya shi. Duk mai maɗaba'a ya buga abinsa."

Tun yana saurayi yake buga littafin koyon karatu na yara, da shi ya ci da gidansa. Bana sai wani shago a tsallaken ruwa ya fara buga shi da araha, malamai suka koma can. Shi ya sa ya je birnin Hague neman takardar hani wurin hukuma. Mai shagon kuwa 'yarsu ce, Geertruid, wadda mijinta ya rasu ya bar mata injin bugu da marayu. Tun bazara Baltus bai yi mata magana ba.

"Allah ya ƙara," in ji Neeltje. "Ka je kai ƙarar 'yarka, ka dawo da mura."

"Sana'ata nake karewa."

"Wa ya koya mata sana'ar?"

Ta ajiye masa burodi da cuku, ta ajiye littafin Geertruid a gefen farantin. Ya kawar da kai. Can sai ya sa tabarau, ya ɗaga littafin wajen taga.

"Layukan sun miƙe," ya ce a hankali. "Hannuna ke nan. Amma dubi baƙaƙen, duk sun cinye! Yaro zai gane wannan?"

"Na marigayin ne. Ba ta da wasu."

Bai taɓa burodin ba. Ya shiga ciki, ya jawo akwatin sababbin baƙaƙen dalma da ya sayo a Amsterdam, waɗanda ko shi bai fara amfani da su ba, ya ɗora a baro.

"Sai ina kuma?" in ji Neeltje.

"In dai kowa zai buga, ba za a buga shi da muni a garin nan ba."

Ya tsallaka gada yana nishi. Geertruid ta fito, hannuwanta baƙi ƙirin da tawada, ta tsaya a ƙofa.

"Baba, sammaci ka kawo mini?"

"Kauce, yarinya. Nauyi gare shi."

Ba ta kauce ba. Ta kama ɗaya gefen akwatin.