Inda Malam Birki Yake Ajiye Mota

Malam Birki ake ce masa, don shekara ashirin yana koya wa mutane tuƙi, kuma kalmar da ta fi fita bakinsa ke nan. Motarsa kowa ya san ta: ja ce, da allo a samanta ɗauke da lambar wayarsa.

Shi ya sa duk Laraba, idan zai kai 'yarsa Auta wurin likitar ƙwaƙwalwa, sai ya ajiye motar bayan rumfar mai faci, layi uku kafin asibitin, su ƙarasa a ƙafa. Wai motsa jiki. Mutumin da ko burodi zai saya sai ya ta da mota!

Wata huɗu suna zuwa. Auta, wadda ciwon damuwa ya kwantar har ta bar jami'a, ta koma cin abinci, ta koma tsokanar yayyenta. Kwatsam ta ce ta gama, ba ita ba asibiti, magani ma ta ajiye.

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, a banza. Ya tafi asibitin shi kaɗai. Likitar ta ce yanke magani haka na iya dawo da ciwon. Ta ce abin da suke tattaunawa sirrin Auta ne, amma ta shawarce shi ya koma ya tambaye ta dalili, ya kuma yi shiru ya saurara.

Da ya koma gida ya tambaye ta. Shirun ya ba shi wuya, amma ya daure. Auta na ninke kaya, ba ta ɗago ba.

"Baba, ranar da Yaya ya karye, a bakin ƙofar asibiti ka tsaya. Har hon ka yi."

Kunya ta rufe shi. Ashe duk tattakin nan ƙirga shi take yi.

Ranar Laraba ya wanke motar, ya goge allon har yana sheƙi. Ya ce ƙarfe goma zai tashi, kuma yana mota yana jiran ta ko za a kai la'asar. Sha ɗaya saura ta fito.

Mai faci ya ɗaga hannu yana nuna masa wurinsa, ya wuce abinsa. A ƙarƙashin allon asibitin ya taka birki. Wani tsohon ɗalibinsa ya leƙo ta taga, ya ce Malam lafiya dai?

"'Yata na kawo ganin likita," in ji shi, da muryar da yake koyar da tuƙi.

Sannan ya danna hon sau biyu. Auta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya, ta riga shi shiga.